Ɗan Mai Shela Ya Ƙi Magana, Inna Ta Kira Wanzami

Malam Maccido ka agaza min kahin Lahadi, abin ya ishe ni.

Ni na mai shelar unguwarmu nan Rabah. Suna, daurin aure, akuya ta bace, duk bakina na. Ko batirin lasihika ya mutu ana jina har Tursa, ka tambaya. To wai ni Allah yab ba dan da bai magana. Zayyanu shekara biyu da wata takwas, abinda ya iya hwadi duka "ba" da "mm", sai nuni da yatsa awa mai bada hannu. Diyar makwabcina Siddiq da anka haiha bayanshi har zagin kaji takeyi. Shiko Siddiq kalma goma na kaishi sati. Wanga wane irin rabo na? Majalisa sun hanani sakat, wai ni nac cinye ma yaro rabonai tun shina ciki.

Ba abinda banyi ba. Na azashi bisa cinya nayi mai shela tun sallama har karshe, dariya kawai shikai min. Na kunna mai lasihika kusa, kaji sunka watse, shiko ko gezau, jarumi awa ubanai. In ka kirashi ta baya ma bai waigowa sai ka tabashi, taurin kan gidanmu na. Lahiyatai lau, banda ruwan da kunnenai kayi tun damana, shima uwatai Kulu na dura mai man kade.

Yanzu Innata tace linzami na ad daure mai halshe, ta hwada ma wanzami shi zaka Lahadi shi yanke. Tace nima anyi min, gashi tun rannan banyi shiru ba. Kulu tace in anka sa ma danta aska sai gidansu Goronyo. In bari a yanke ko in hana?

Zakaran Rabah

Zakaran Rabah, ka hana.

Amsar tana cikin wasiƙarka, ka wuce ta da raha. Yaron da lasifika ba ta razana shi ba, ba ya waigowa in an kira shi, kunnensa kuma yana ruwa, ba jarumta ke damunsa ba. Ina zargin ba ya ji sosai, kuma da kunne yaro yake koyon magana. Yawancin yara a shekara biyu sun fara haɗa kalma biyu kamar "ba ni", don haka jira ya isa.

Inna jikanta take so, kuma linzami akwai shi, amma da wuya ya hana magana ɗungurum. Aska kuwa tana iya jawo zubar jini da cuta. Kulu ta yi gaskiya a nan, sai dai ta daina ɗura masa mai.

Ka kai shi asibiti kafin Lahadi a duba kunnen, ka nemi a tura ku gwajin ji a Sakkwato. Ka tafi da Inna, a duba harshen a gabanta, sai ta sallami wanzami da kanta. Lasifikar nan kada ta ƙara kusantar kunnensa.

A gida ka durƙusa ya ga bakinka, ka ce "ruwa", sannan ka yi abin da ba ka saba ba, ka yi shiru ka jira shi.

Allah ya ba Zayyanu lafiya, ya nuna mana ranar da kai za ka roƙe shi ya bar ka ka yi magana.