Masu Dubiya Sun Hana Maigidana Hutawa

Assalamu alaikum Hajiya Asabe. Don Allah ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan kai ma wanga zance cikin dangi ba a juya mani shi ba.

Maigidana manomin rani ne, albasa da shinkafa yake yi da ruwan dam na Goronyo. Ya ɗauko irin albasa bisa babur daga Wurno, kusa da Marnona ya faɗi, kanshi ya bugi kwalta. Mun daɗe asibiti a Sakkwato bai san inda yake ba. Allah Ya tashe shi, anka sallamo mu. Yana tafiya, yana magana, sai dai hannun dama ba ƙarfi, kuma sunaye na ɓace mashi, wani lokaci har na ɗiyanshi.

Damuwata masu dubiya. Ba wai ban gode ba, Allah Ya sani. Amma tun hantsi har magariba ɗakin cike yake, na Rabah, na Kwargaba, abokan noma, mata da kwanonin kunu. Kowa ya zauna sai ya matso da fuska ya ce, "Ka gane ni? To wane ne ni?" In ya faɗa daidai a yi kabbara. In ya kasa a girgiza kai, a ce Allah sarki, gabanshi, kamar ba ya ji. Ni ke ganin zufar da ke keto mashi. In sun watse ya riƙe kai, ko abinci ba ya so.

Malama Monica, ma'aikaciyar asibiti da ke koya mashi motsa hannu, ta ce shiru da hutu yake bukata, kuma a bar shi ya ci abinci da kanshi. Inna, mahaifiyarshi, ta ce ba ta zama tana kallon ɗanta na zubar da tuwo gaban baƙi, sai ta ba shi a baki.

Ranar Juma'a Kawu Mainasara ya zo daga Rabah, shi ne ya riƙe shi tun yana yaro. Ya yi ta maimaita tambayar nan, maigida na kallonshi, sunan ya ƙi zuwa. Sai ya yi jifa da kofin kunu, ya ce ma Kawu ya fita. Mutumin da bai taɓa ɗaga ido gaban Kawu ba. Da anka watse ya yi kuka, yana tambayata mi ya yi.

Washegari na saki labule, duk wanda ya zo na ce barci yake. Yanzu ana cewa na ɓoye shi, ina raba shi da danginshi. Kawu bai dawo ba. Inna ta ce za ta tafi da shi Rabah ta yi jinyar abinta, can kuwa ba Malama Monica. Shi kuma kullum roƙona yake a kai shi ya ga gona, tunda an saki ruwa. In na buɗe ƙofa shi ke wahala, in na rufe ni ce muguwa. Mi zan yi?

Matar manomi, Goronyo

AMSA

'Yar'uwata, wa alaikumus salam. Abin da kika gani da idonki gaskiya ne. Wanda ya bugu a ƙwaƙwalwa yakan gaji da hayaniya da yawan fuskoki fiye da yadda mai lafiya yake zato, kuma saurin fushi da mantuwar suna suna cikin alamomin raunin. Ba raini ba ne, ba kuma halinsa ne ya lalace ba.

Sai dai masu tambayar nan ba mugunta ta kawo su ba. Sun tsorata ne, suna neman tabbacin cewa ɗan'uwansu bai tafi ya bar su ba. Kuskurenki shi ne kin ɗauki tsaron ƙofa ke kaɗai, kuma da uzurin barci, wanda kowa ya san ba kullum ne gaskiya ba. Matar ɗa ba ta iya wannan aiki a gidan miji.

Ki roƙi Malama Monica ta zauna da Inna ta yi mata bayani da bakinta. Sannan Inna ta aika a ba Kawu haƙuri, a gaya masa ciwo ne ya yi magana. Idan ya huce, a ba shi wuƙa da nama: shi zai sanar da dangi cewa dubiya sai bayan la'asar, a zauna a zaure, a shiga mutum ɗaya ko biyu, a gajarta. Kowa ya shiga ya fara faɗin sunansa da kansa, kada a ƙara tambayar maigidanki ko ya gane wani. Abin da za a ƙi daga bakinki, za a karɓa daga na Kawu.

Abinci kuwa, ya ci ba baƙo a ɗakin, Inna na kusa. Ta huta da jin kunya, hannun ya sami aikinsa. Idan ya zube, a share.

Maganar gona, ku tambayi likitansa. In ya amince, a kai shi da safe, da ɗan rakiya, ya zauna a inuwa ya ga ruwa na shiga fangali. Kada ya tuƙa babur, kada ya tsaya bakin kwatar ban ruwa shi kaɗai. Idan kika ga farfaɗiya, amai, barci mai nauyi ko ciwon kai da ke ƙaruwa, ku koma asibiti nan take.

Warkewar irin wannan rauni a hankali take zuwa, wata rana gaba, wata rana baya. Ke ma ki samu mai karɓarki ki huta. Allah Ya ba shi lafiya, Ya nuna muku ranar da zai kira Kawu da sunansa ba wanda ya tambaye shi.

Hajiya Asabe