Alhaji ya yi mana talla

Gusau, daren Laraba, 1998

Mun ƙara ɗaukar ma'aikata, aiki sai bunƙasa yake yi, amma har yau kamfaninmu bai san riba ba.

Yau na je Tsafe wurin Alhaji mai hatsi, wanda ya sayi manhajar lissafin da muka rubuta. Da fara'arsa ya tare ni: "Malam, na yi muku talla! Na sa an kwafa wa abokaina na Bungudu da Mada, kowa na yabawa." Kyauta ya ba su, wai da kunya ɗan'uwa ya roƙa ka hana. Su ne fa muke jira su saya.

Ko haushi ban ji ba. Ya tsaya yana jiran godiya, sai na ji bakina ya ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji."