Babana Yana Kusa ne ko Yana Nesa?

Inna Salamatu, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ni tela ce a Dapaong, ina zaune gidan baffana Garuba. Mahaifina ya daɗe yana sayar da nama a Malabo, wani gari a kan tsibiri can tsakiyar teku. Ranar da zai tafi ya ce shi da bakinsa zai ba da aurena.

To ga Wahabu, makaniken da nake so, an gama komai sai ɗaurin aure. Tun da aka shiga yajin aikin nan na ƙasa baki ɗaya garejinsu ya mutu, ya samu aiki a Burkina, kuma ya ce ba zai tafi ya bar magana a rataye ba. Ko a ɗaura mu tafi tare, ko kowa ya kama gabansa.

Baffa ya ce uban da ke bayan teku ya yi nisa, don haka waliccin ya dawo hannunsa. Limamin unguwarmu a garinmu na asali Sokodé, Malam Huseini, ya ce sam, a zamanin jirgin sama Baba yana kusa, dole a jira shi. Har malamin lekol, wato makarantar boko, ya auna masa taswira da zare, wai daga Sokodé zuwa tsibirin, tafiyar jirgi ba ta wuce tsakanin azahar da la'asar ba. Inna, wane jirgi? Ni ban taɓa ganin ya sauka a Sokodé ba. Hanyar Lome, inda filin jirgin yake, cike take da shingaye, gidan waya a rufe. Wannan wasiƙar ma direban doya na ba.

Jiya na ɗinka wa rigar mutane hannu a baibai. Ina tsoron rasa Wahabu, ina tsoron fushin Baba. Wa zan bi?

Mai Keken Ɗinki, Dapaong

Ɗiyata, sannu da wannan hali. Kowannensu yana da abin kamawa. Malam Huseini yana tsare wa mahaifinki haƙƙinsa, baffanki kuma yana gudun ki yi asarar miji nagari. Wahabu ma bai yi laifi ba da yake son sanin matsayinsa, ko da yake ya kamata ya rage matsa miki lamba.

Sai dai zaren malamin lekol bai san shingen soja ba. Jirgin da ba ya tashi daga garinku bai matso da kowa kusa ba. Amma an ce miki sai jikin mahaifinki ya zo? Izininsa ake nema, kuma yana iya wakilta ƙaninsa.

Daga Dapaong zuwa iyakar Burkina ba wata tafiya ba ce, kuma can ba a yajin aiki. Ku tsallaka ke da Baffa Garuba da dattawa biyu, ku buga waya wurin da mahaifinki ke karɓar saƙo, ku jira a kira shi. Ya faɗa da bakinsa, shaidu su ji, a kai wa Malam Huseini.

Bari in faɗa miki abin da na hango. Kin san da wannan mafitar, tsoro kike kada ya ce a jira shi. Yana iya faɗa. In ya faɗa, ki gaya masa halin da ake ciki ba tare da ɓoye komai ba, ki roƙe shi. An yi ta gardama a kan nisansa, amma har yau ba wanda ya tambaye shi. Ke ki fara.

Allah ya sanya alheri, ya kwantar da ƙasarmu.

Inna Salamatu