Zarto a Gaban Motar Guguwa

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya ƙalau, ke da maigidanki da amaryata sarkin kuka. Ki ce mata angonta yana nan, wani haƙorin ya sake faɗuwa amma bai fasa auren ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar mahaifiyarki da ke tashi jefi-jefi.

Na ɗauki biro ne domin a waya katse ni kike yi, halin da kika gada a wurin mahaifiyarki. Na san ƙaninki ya riga ni kai ƙara, to ki ji nawa ɓangaren.

Kin san motar tseren da ya shekara yana ginawa a lungun garejinmu. Ya saka mata turbo mai ƙara wa inji ƙarfi, ya faɗaɗa salansa, ya sauke ta ƙasa har sai ta rusuna wa kowane ɗan tudu kafin ta wuce. Ban hana shi ba, da hannuna ma na ɗaure rabin notocinta. Yanzu wai Guguwa zan riƙa kiransa, yaron da na goya a kafaɗa yana yi mini fitsari a wuya. Na ce to, Guguwa.

Da muka kai ta filin gwaji, bai daɗe da fara zagaye ba allurar agogon baƙin mai ta haye ta shiga ja, alhali ta ruwa tana zaune a tsakiya abinta. Ya tsaya, ta huce, ya koma, ta sake hayewa. Sai ya yanke hukunci wai sansa ce ta lalace, wato ɗan ƙarfen da ke jin zafin mai ya gaya wa agogo. Kin san abin da ya yi? Salatif ya samo ya liƙe fuskar agogon, wai tana ɗauke masa hankali. Wallahi, Uwata, sai da na zauna a kan taya don kada in faɗi. An bar jaki ana dukan taiki.

Ke ba makanikiya ba ce, amma a garejin nan kika yi rarrafe. Baƙin mai in ya yi zafi fiye da kima sai ya tsinke ya zama ruwa-ruwa. Daga nan ƙarfe ya fara cin ƙarfe, inji ya fashe, mai ya malale a ƙarƙashin tayoyi. A kan titi wannan asarar inji ce. A kan kwana, mutum ya take totur har ƙasa, asarar ɗa ce.

Shi ya sa na cire sitiyarin motar na kai ɗakina, yana nan ƙarƙashin gado. Ya rantse in ban mayar ba kafin tseren ƙarshen wata zai kwashe akwatin kayan aikinsa ya koma garejin tsallaken gari, ba zai sake kama mini ko sifana ba. Na ce ƙofa a buɗe take. Motar nan ba za ta fita ba sai na san abin da ke dafa mata mai, domin ruwa ba ya tsami banza. Kada ki kira ni kina ba ni haƙuri, ban ɓata wa kowa ba.

Ki gaishe da maigidan naki da kyau. Allah ya yi muku albarka.

Ni ne naki,
Babanki.


Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa irin ta uba da 'yarsa, da fatan ku duka kuna cikin ƙoshin lafiya. Yaya zazzaɓin amaryata? Saƙonki ya iso, na kuma ga inda kika ce taurin kaina ya yi yawa. Na gode, a wurina ƙanin naki ya samo nasa.

Na fara da abin da ya zarga. Na kwance sansar da agogonta, na ɗaga gefen salatif ɗin, na shiga kicin, na ɗora ruwa a tukunyar mahaifiyarki, ya tafasa na tsoma ta da wayoyinta. Agogo ya nuna zafin tafasasshen ruwa daidai, babu ƙari babu ragi. Na kira shi ya gani da idonsa, ya leƙa ya taɓe baki ya fita. Mahaifiyarki kuwa har yau tana mita wai tukunyarta tana warin gareji, ta ce in haɗa da ita cikin kayan aikina.

Na auna mai, a cike yake. Na zubar da shi na zuba sabo mai kauri, na canza filta, na bi bututun mai ɗaya bayan ɗaya ko wani ya jingina da salansa. Babu. Na maƙala sitiyarin na ja motar da kaina zuwa hanyar bayan gari, na ɗan taka ta yadda tsufa ya bari, na ɗaga gefen salatif na ga allura ta soma hawa. Na tsaya na buɗe bonet. Akwai ɗan ƙaramin lagireto a can ƙasa ta gaba, aikinsa kawai sanyaya baƙin mai. Na taɓa tiyon da ke kai masa mai, ya ƙone ni. Na taɓa wanda ke fitowa, shi ma ya ƙone ni, zafinsu ɗaya. Ashe mai shiga yake yi ya fito yadda ya shiga.

Da na dawo sai na yi abin da maigidana ya koya mini ina saurayi. Na tsinko zaren ulu daga kwandon saƙar mahaifiyarki, wani sabon laifin ke nan, na liƙa guntaye a gaban manyan lagiretoci da gaban ƙaramin. Na jawo babbar fankar gareji na saita ta a hancin motar. Zaren sama duk suka kwanta ciki, iska tana jan su. Na gaban ƙaramin lagireton kuwa suna rataye, ko motsi ba su yi.

Bamba ce, Uwata. Sabuwar bambar nan mai sheƙi da aka ɗaura wa motar ta toshe wurin ruf. Mai Taya ne ya saya masa ita, mutumin da ke ɗaukar nauyin tseren nasa, kuma daidai inda iska ya kamata ta shiga nan aka rubuta sunan shagonsa da manyan haruffa. Na nemi wani wurin da zan mayar da lagireton, kayan turbo sun cinye ko'ina. Magani ɗaya ne, a huda bamba.

Na je shagon Mai Taya da ƙafata, na yi masa bayani cikin mutunci. Ya saurare ni yana latsa waya, ya ce nan ne wurin da masu ɗaukar hoto suke kamawa, in aka taɓa ko harafi ɗaya ya janye hannunsa. Wai ai tseren ba shi da tsawo, mota za ta jure. Na tambaye shi ko zai sa nasa ɗan a ciki, sai ya ce yana da baƙi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ƙaninki ya ga zaren nan da idonsa, ya san gaskiya, amma ya bi bayan Mai Taya. Ya ce zai riƙa sassauta ƙafa in ya ji inji ya yi nauyi. Guguwa ne zai sassauta ƙafa ana tsere? Ni na haife shi. Ina jin tsoro, ba na ɓoye miki, kuma tsoron bai sa na yi laushi ba. Na sa an wasa mini zarto.

Ki shafa mini kan amaryata. Sai na ji daga gare ki.

Naki har kullum,
Babanki.


Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gidanki baki ɗaya. Na ji daɗi da jikin yarinya ya yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ko da yake ni ba ta cika yi mini magana ba kwanan nan.

Na yanka. Da rana tsaka na yi, ƙofar gareji a wangale, don kada wani ya ce na yi a ɓoye. Na zana murabba'i da alli na bi shi da zarto, rabin sunan shagon ya faɗo ƙasa. Na goge bakin ramin, na sa raga saboda tsakuwa, na lanƙwasa gwangwani ya zama maƙogwaro mai kai iska har jikin lagireton. Ƙaninki ya shigo ina share garin roba. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Na ɗauko sitiyarin na miƙa masa, na ɓare salatif ɗin agogon a gabansa. Ya karɓi sitiyarin ya juya.

Mai Taya ya cika alkawarinsa, ya aiko aka kwashe sababbin tayoyin da ya bayar. Ya kuma ce zai kai ni ƙara, na aika masa da guntun bambar na ce ya haɗa da shi a matsayin shaida. Da tsofaffin tayoyi ƙaninki ya shiga tseren.

Na je, na tsaya a bayan waya cikin 'yan kallo, ban shiga rumfarsu ba tunda ba a gayyace ni ba. Duk sanda ya wuce sai in kasa kunne in ji muryar injin, kuma tun daga farko har ƙarshe ba ta canza ba. Bai ci ba, a tsakiyar jeri ya gama, tayoyin suna zame masa a kowace kwana. Da aka tashi na zagaya na leƙa ta tagar motar. Allura tana tsakiya. Shi kuwa yana tsaye can da hular kwano a hannu, gumi ya jiƙa shi, yana ta faɗa da wani a kan tayoyi. Ban taɓa jin daɗin ganin mutum yana faɗa kamar ranar ba.

Washegari ya zo da motar ɗaukar kaya ya kwashe akwatinsa, ya ja motar tseren ya tafi. Ya gaishe da mahaifiyarki, ni ya wuce ni kamar bai ga mutum ba. Ya ce mata na zubar masa da mutunci, na kashe masa damar da ba za ta dawo ba. Wataƙila haka ne. Lungun da motar take yanzu fayau yake, in na juya in ce a miƙo mini abu sai in ga babu kowa. Yana yi mini ciwo ƙwarai, amma ko gobe aka mayar da bambar zan sake yankawa. Ba zan ba shi haƙuri ba, kada ma ki fara.

Abu ɗaya nake so ki yi mini. Man da ke cikin injin nan ya sha tsere, dole a zubar da shi kafin ya sake hawa fili, a kuma duba ragar nan ko ta cika da ƙasa. In daga bakina ya fito ba zai yi ba. Ki kira shi ki faɗa masa, ki ce a wurin maigidanki kika ji.

Allah ya tsare mini ku duka, har da shi.

Ni ne,
Babanki.