Ƙofar da Ta Ƙi Buɗe wa Yaya Hajara

Zuwa ga ɗana Usaid,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Muhibba da yara. Mu nan Alƙahira alhamdulillahi. Gwiwar da sauƙi, sai dai har yanzu ba na takawa sai an riƙe ni. Kada ka damu.

Na ji ka sallami Malam Inuwa mai gadi, ka kafa kyamarar nan taka a ƙofar gidanmu na Nassarawa, wadda ka ce ka tsara ta kamar ƙwaƙwalwar mutum, tana gane fuska. A filin jirgi ka yi mini alkawari ba za ka taɓa komai ba sai na dawo.

Ranar Juma'a Yaya Hajara ta zo daga Kawaji, ta tsaya a rana, ƙofa ta ƙi buɗewa don ba ka saka hotonta ba. Matar da ta goya ka! Ba wannan ilimin na tura ka nema ba.

Ka je ka ba ta haƙuri, ka dawo da Inuwa. In na sauka ban tarar da shi a ƙofa ba, Kawaji zan wuce.

Allah ya shirya mini kai.

Mahaifiyarka,
Hajiya Ma'u