Faifai Mai Gyara

Taba, ta ƙasar Kudan

Zuwa ga Yayana Mu'awiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti Hafiza da yara. Yaya Fatakwal da ruwanta da ba ya ɗaukewa? Mu nan lafiya muke, an fara matsar rake, gari duk ƙanshin mazarƙwaila.

Na rubuto ne maimakon in kira, don ka san sabis ba ya kamawa sai a gindin darbejiyar gidan Baba, shi kuwa kunnensa ya fi bakinsa sauri. Direban motar rake zai miƙa maka.

Ka tuna 'yan fim ɗin da suka zo bara suka yi aiki a wurin matsar raken Baba? Bobbo ɗan Inna Mairo ne ya kawo su, wanda yanzu yake da rumfar sayar da faifan fim a bakin kasuwa. Baba ya ba su wuri, ya ba su benci, ya ba su rake suka sha har suka gaji. Abin da ban gaya maka ba a lokacin shi ne, Bobbo ya lallaɓi Baba ya fito a matsayin dattijo mai raba faɗa. Magana ɗaya tak zai yi: ku bar yaron nan, ɗa na kowa ne. Baba ya ƙi, ya ce ya san halin harshensa. Bobbo ya rantse masa in bai yi kyau ba gogewa za a yi. Bobbon da tun rasuwar ubansa kwano ɗaya kuke ci da shi a zaurenmu, shi za a gaya wa Baba yana da in'ina?

Fim ya fito, babu Baba a ciki, wani suka sa. Har na yi hamdala. Ashe faifan iri biyu ne. Akwai na fim zalla, akwai kuma mai ƙarin abin da suke kira bayan fage, wato abubuwan da suka faru wajen ɗauka. Shi wannan Bobbo ya raɗa masa suna mai gyara, ya kuma fi tsada. Ni da nake sayar da mazarƙwaila tun ina budurwa, ban taɓa jin inda aka sayi gyara da kuɗi ba sai a rumfar Bobbo.

Gyaran nan, Yaya, Baba ne. An nuna shi tsaye da babbar rigarsa ta Juma'a, ya maƙale a kan ɗa, yana ta ɗa, ɗa, ɗa, jijiyar wuyansa ta miƙe, hularsa tana zamewa. A sake, ya sake maƙalewa. Sun sa masa kiɗa a ƙasa, ana jin dariyar masu kyamara. Bobbo ya juya talabijin ɗinsa ta fuskanci hanya, ya haɗa da lasifika, wurin kawai yake maimaitawa daga safe har yamma. Ranar kasuwa ya kwashi kayansa ya kai Maƙarfi ya yi haka. Yanzu ko 'yan acaɓa in sun ga Baba sai ka ji ɗa, ɗa, ɗa a bayansa.

Baba ya daina fita. Masallaci kawai, shi ma sai an tayar da iƙama yake shiga, ana sallama ya fice. Majalisar da ya fi shekarunmu yana zama ya bar ta. Abin da ya fi ci mini rai, ya daina magana. In yana son ruwa da hannu yake nunawa. Mutumin da duk da in'inarsa ba a yanke shawara a unguwa sai an jira ya ƙarasa.

Na tura maigidana Hamisu wurin Bobbo. Ya ce wai wasa ne, kasuwa ce, shi ma suna ya yi wa Baba, har Ikara an san shi yanzu. To, na ji. Kada ka taso, kada ka kira shi. Ka bar ni da shi. An ce rama cuta ga macuci ibada ce, ni kuwa ba na wasa da ibada.

Ka gaida Anti Hafiza, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Badi'a

Taba

Yayana Mu'awiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta iyali. An ce ƙaramar ta yi zazzaɓi, Allah Ya ƙara sauƙi. Saƙonka ya iso ta bakin direba, na ji kana cewa in yi haƙuri in bar wa Allah. Daga nesa haƙuri yana da sauƙin aikowa, Yaya. Ba kai kake kai wa Baba tuwo ya karɓa da kai a sunkuye ba.

Na sayi faifan. Mai gyaran. Hamisu ya yi ta faɗa, wai na ɗauki kuɗina na ƙara wa maƙiyi jari. Na ce masa ba a faɗa da abin da ba a gani ba. Da rana bayan ya fita na tayar da janareto na zauna ni kaɗai. Na kalli wurin Baba, hawaye suna zuba, ban kawar da kai ba.

Ana gama na Baba sai darakta ya fito yana jawabi, ya gode wa wannan, ya gode wa wancan, magana ta ƙi ƙarewa. A nan kowa yake kashewa don kada mai ya ƙone a banza. Ni kuwa na ce tunda kuɗi na biya, sai na ga gindin mudu.

Bayan jawabin akwai saura. Mai kyamara yana ta yawo da ita lokacin cin abinci. Sai ga Bobbo zaune a kan bencin Baba, da baƙin gilashi, ya matsa kusa da wata 'yar fim yana ta iyayi. Sai ga Inna Mairo ta shigo da tiren ɗanwake a ka, wanda ta dafa musu da garinta da manta don a fita kunyar ɗanta. 'Yar fim ɗin ta tambayi Bobbo wace ce wannan tsohuwar. Ya ce wata 'yar ƙauyen nan ce da ke yi musu aikatau, shi mahaifiyarsa tana Kano, zuwa kawai yake yi nan don ya taimaka wa mutanen karkara. Ka san Inna Mairo ba ta ji sosai. Tana tsaye a gefensa tana ta murmushi, tana yi wa baƙi sannu da aiki.

Na mayar baya na sake kallo don kada in ɗauki alhaki. Haka yake, muryarsa ce tar. Wallahi Yaya, tun da abin nan ya faru ban ji sanyi a zuciyata ba sai ranar. Bobbo bai taɓa kallon kayansa har ƙarshe ba. Ana gama dariyar Baba yake mayarwa farko don mai saye na gaba. Kuma da hannunsa ya shigar da faifan nan kusan kowane gida mai talabijin a Taba, ya karɓi kuɗin gyara a kai. Ba sai na yi masa ƙarya ba, ba sai na zage shi ba. Abin da zan yi kawai in hana mutane kashewa.

Ranar Asabar ake sunan jaririyar Bilki maƙwabciyarmu, matan unguwa duk za su taru, kuma an saba sa fim bayan an ci abinci. Na san abin da za ka ce: Inna Mairo fa? Za ta zo, ita ce ma mai wankan jego. Na tambayi kaina wannan, na juya shi. Amsar da na samu ita ce, wanda ta haifa bai tuna da ita ba, ba kuma wanda ya tuna da mu ranar da aka juya lasifika hanya. Kafin takardar nan ta iso wurinka an gama, don haka kada ka wahalar da direba da nasiha.

A gaida mutanen gida.

Taka,
Badi'a

Taba

Yaya Mu'awiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, ƙaramar kuma ta warware. Baba yana gaishe ka. Da bakinsa ya ce in gaishe ka, ka riƙe wannan tukuna, zan zo kansa.

An yi suna. Da aka zo sa fim mata suka yi ta satar kallona, suna so suna jin kunya. Ni na ce a sa mai gyaran, na karɓi rimot na riƙe. Aka nuna Baba, wasu suka cusa baki a mayafi suna dariya, na ga kowacce, na kuma adana. Darakta ya fara jawabi, aka ce Badi'a kashe. Na ce gyara ai ba a barin sa a mudu. Inna Mairo tana gaba dab da talabijin saboda kunnenta. Da na ga tirenta ya shigo, na ƙure murya.

Maganar Bobbo ta fito tar, kowa a ɗakin ya ji. Inna Mairo ta juyo ta ce mini, 'yar nan, mayar mini baya. Na mayar. Ta kalla har ƙarshe, ta tashi ta sa takalminta ta fita, ta bar ƙullin abincinta a wurin.

Washegari faifan ya ƙare kaf a rumfar Bobbo. An ce har yana murna, yana cewa zai je Zariya ya ƙaro, bai san abin da ake saye ba. Kafin azahar ya sani. Mutane suka cika bakin rumfar, wannan ya ce ɗan Kano ina kwana, wancan ya ce yaya Hajiya a birni, a gaishe ta. Aka fara jifan sa da ɓawon rake. Samari suka ce sai sun fasa talabijin ɗin. Ina zauren gidan ƙawata Zulai da ke kallon kasuwa, ina gani. Ba zan ɓoye maka ba, daɗi na ji. Na so a ce ranar ta yi tsawon mako.

Abin da ban sani ba, tun da safe Inna Mairo ta je gidan Baba. Ba ƙara ta kai ba. Ta durƙusa a tsakar gida, tsohuwa da ita, tana roƙon Baba ya yafe wa ɗanta, wai hakkinsa ne ya kama shi. Ta gama ta koma gida.

Ina tsaye a zauren nan sai na hango shi tafe, da rigar nan ta Juma'a da sandarsa. Mutane suka dare. Ya je ya tsaya a gaban Bobbo, ya ba shi baya, ya fuskanci jama'a. Ya ce ku bar yaron nan. Sai ya maƙale. Yaya, ya maƙale fiye da yadda ya yi a faifan, jijiyar wuyan ta miƙe, hular ta zame, ni kaina na runtse ido. Ba wanda ya yi dariya. Har 'yan acaɓa suka kashe mashinansu, aka tsaya ana jiran sa kamar yadda ake yi a da. Ya ƙarasa. Ɗa na kowa ne.

Aka watse ɗaya bayan ɗaya. Bobbo ya zube ya kama ƙafarsa yana kuka, Baba ya zare ƙafarsa bai dube shi ba, ya wuce majalisa ya zauna a wurinsa, ya tambayi yadda rake ya yi a kasuwar Maƙarfi.

Ka ga yadda Baba ya yi mini. Na dafa, na zuba, na kai loma baki, ya karɓe kwanon. Haushinsa nake ji har yanzu, ga shi kuma ba abin da na nema tun farko illa in sake jin muryarsa. Yau da yamma, kwanaki bayan abin, na kai masa abinci, ya ce in zauna. Ya tambaye ni wa ya ƙure muryar talabijin a gidan suna. Na ce ni ce. Sai ya ce gobe in je in gaida Inna Mairo, in gaishe ka kai ma in na rubuta.

Direba ya ce ka tambaya cikin raha ko gyaran ya ci kuɗinsa. Ya ci, Yaya. Sai dai wadda ta fi kowa biya ba ta sayi faifan ba, ba ta ma da talabijin. Tun ranar sunan ba ta sake zuwa wankan jegon Bilki ba, ƙofarta a rufe take. Gobe zan je kamar yadda Baba ya ce, zan kai mata mazarƙwaila, ban sani ba ko za ta buɗe mini.

Shi kuwa Bobbo ya juya talabijin ɗinsa ta fuskanci bango. Baba ya yafe masa, wannan tsakaninsu ne. Nawa faifan yana ƙasan akwati, na naɗe shi a zane don kada ya karce.

Ka gaida Anti Hafiza da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Badi'a Muhammadu Lawal