Fatar Kada a Shagon Anton

Lahadi, 6 ga Oktoba
Wata biyu ke nan ina shara a shagon gyaran jakunkuna a unguwar Ulaya, nan ƙasar Larabawa. Maigyaran, tsoho Anton, mutumin Galisiya ne a Sifen. Yau na tsaya da tsintsiya ina kallon yana ɗinki. Wallahi ya iya! Ko Baba, da ya tsufa a dukanci a Damagaram, sai ya sara masa.

Talata, 8 ga Oktoba
Wata Balarabiya ta kawo jakar mahaifiyarta, ta fatar kada, hannun ya tsinke. Anton ya shafa ta kamar jaririya. Ya ce da Sifaniyanci cocodrilo, a garinsu kuwa crocodilo, haka ma mutanen Fotugal. "Ku fa, Bachir?" Na ce kada. Ya sa alli ya rubuta duka a jikin durowa, namu a sama.
Ban gaya masa kada kan gidanmu ne ba, abin da kakanni suka hana mu. Mu ba ma ci, ba ma taɓa fatarsa.

Asabar, 12 ga Oktoba
Hannun Anton na rawa. Sau uku allura na faɗuwa.

Laraba, 16 ga Oktoba
Kafil, wato mai shagon da ya ɗauko mu aiki, ya zo ya yi ta faɗa. In jakar ba ta fita gobe ba, zai kawo wani, Anton ya koma gida. Mutumin da bai iya ko sa zare a allura ba yake wa wannan tsoho tsawa! Raina ya ɓaci. Da ya fita na ce wa Anton ni ɗan baduku ne, na iya ɗinki, amma ban da kada. Na faɗi dalili, ina jiran dariya. Bai yi ba. Ya ce, "Abin da iyaye suka hana, an bar shi." Ya koma yana fama da allurarsa.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Ni na kawo dabarar: shi ya riƙe fatar, ni allura da zare kawai. Ya riƙa nuna mini inda zan soka, tsakanin ɓawo da ɓawo, ba a kai ba. Kafin la'asar mun gama. Matar ta juya jakar ta rasa inda aka gyara, har da hawaye.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Inna ta kira, ta tambayi aiki. Na ce lafiya lau. Ban ce mata wajen ƙullin ƙarshe hannun tsoho ya gaji, na karɓi jakar na riƙe masa ba. Ba ta da sanyi yadda na zata.